Ruwan Fataka

Duk wanda ya taso a Wurno a zamaninmu, ko a Rabah, ko can Goronyo tun ba a datse gulbi ba, ba sai an kwatanta masa warin majema ba. Kafin ido ya hango kwatarniyoyin nan da aka binne rabinsu a ƙasa, hanci ya riga ya isa. Iyayenmu mata kan ce mu kewaye ta wata hanya in an aike mu, mu kuwa sai mun biya mun leƙa. Ni nawa ya wuce leƙe, domin ƙanen mahaifiyata majemi ne, kuma ranakun Alhamis da Juma'a, da yake babu makarantar allo, a gindin aikinsa nake wuni.

Aikin da ya fara ba ni shi ne neman fataka. Yaran yanzu da yawa za su wuce ta ba su san ta ba, alhali ba ta ƙaura ba. Tana nan bayan gari, ta nannaɗe jikin darni ko ƙayar magarya, ganyenta toka-toka mai laushin gashi, 'ya'yanta biyu-biyu kamar ƙahonin ɗan akuya. Ka karya reshe, farin ruwa ya tsattsafo kamar nono. Tun ranar farko Kawu ya ja mini kunne: kada hannun da ya taɓa ruwan ya kusanci ido, kada kuma in yar da ita inda awaki za su ci, don tana da dafi. In na kawo dami sai a zuba a turmi a kirɓa, a juye a kwatarniya, a kwarara ruwa, a bar shi ya tsumu.

Ita kuwa fata ta riga ta sha tafiya kafin ta iso wannan kwatarniyar. Daga hannun mahautan gari take zuwa, ko daga kasuwar Achida, busasshiya ƙayau. A jiƙa ta ta dawo ɗanya. A tsoma ta a ruwan toka, wani lokaci a haɗa da katsin marina, ta yi 'yan kwanaki har gashin ya saki. A shimfiɗa ta bisa gungume a bi ta da kartaji, gashi ya tafi, a juya a kankare sauran nama da kitse. A wannan gaɓar fata ba abar sha'awa ba ce. Ta kumbura, ta yi tauri, tana santsi kamar ganda. Mai gaggawa zai ce a wuce da ita ruwan bagaruwa, ko gabaruwa kamar yadda muke faɗa a gida, a huta. In aka yi haka za ta jemu, amma da taurin da baduku zai lanƙwasa sau ɗaya ya mayar maka da abarka.

Sai an wanke tokar nan tas, sannan fata ta shiga ruwan fataka ta kwana. Da safe Kawu zai tsamo ta, kumburin ya sace, ta yi laɓas tana bin hannu kamar jiƙaƙƙen alharini. Ya danna babban yatsansa a kai. In shaidar yatsan ta zauna ba ta tashi ba, ya gyaɗa kai. Sannan ya tattaro gefenta kamar mai ƙulle goro, ya kama iska a ciki, ya matse a hankali. In iskar ta ɓullo ta ƙofofin gashi da 'yan kumfa ƙanana, aiki ya yi. In ta ƙi fita, ya mayar da ita kwatarniya.

Wata rana na tambaye shi, "Kawu, mi ac cikin ruwan ga?"

Bai ɗago ba ya ce, "Wuta ta, yaro, wadda ba ta hayaƙi. In ka barta ta wuce lokaci, ta canye maka hwata."

Ya kuma san halin wutar tasa sarai. Da hunturu aikinta nawa yake, don haka yakan jawo kwatarniya inda rana ke bugawa, ko ya surka da ruwan ɗumi. Da bazara kuwa ba ya barci da nauyi, yakan tashi tun kafin assalatu ya duba. Tafasasshen ruwa kuma ko kusa, ya ce kashe ta yake yi. Babu ma'aunin zafi, babu agogo, daga yatsa sai hanci.

Ruwa ba ya tsami banza. Sai da na girma, gashin kaina ya fara sirkawa, sannan na ji sunan da masana suka ba wutar nan ta Kawu. Inzayim suke ce mata. Wani nau'in furotin ne da duk mai rai ke ƙerawa a jikinsa, mutum da dabba da tsiro, har ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Aikinsa shi ne ya gaggauta abin da da zai ɗauki wata da watanni, ya auku cikin sa'o'i, shi kuma bai ƙare ba, in ya gama da wannan ya koma kan wancan. Kowanne da sana'arsa, yadda maƙeri ba ya aski, wanzami ba ya ƙira. Na cikin fataka mai yanka furotin ne. Yana cinye saiwar gashin da kartaji ya bari da danƙon da ke manne zaruruwan fata, ya bar zaren kansa, amma in an yi sakaci ya juyo kan zaren. In aka tafasa shi kuwa surarsa ce ke lalacewa, kamar farin ƙwai da in ya dahu ba ya komawa ruwa. Duk dokokin da Kawu ke bi, haka suke a littafin masana, ba a rage ko ɗaya ba.

Ba majema kaɗai ke riƙe da wannan ilimi ba. Mu tuna yadda iyayenmu mata ke dama kunun zaƙi. A jiƙa shinkafar fadama a rufe ta ta tsiro, a shanya, a niƙa da busasshen dankali. A dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, amma ba a zuba tsiron nan take, sai tururin ya lafa. A rufe a bar shi ya kwana, da safe kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito, ba a sa sukari ko cokali ba. Tsiron ne ke ɗauke da inzayim mai farfasa sitaci ya mayar da shi sukari, ɗan'uwan wanda ke cikin yawun bakinmu, shi ya sa lomar tuwo kan yi ɗan zaƙi in an daɗe ana tauna ta. Mai daddawa da ke rufe dafaffiyar kalwa da ganye kwana uku, ƙwayoyin halitta take kiwo ba ta sani ba. Fulanin Borgu da na ƙasar Benin da ruwan tumfafiya suke daskarar da madara ta zama cuku. Wanda ya naɗe naman tsohon sa a ganyen gwanda don ya yi taushi, shi ma cikin sana'ar yake.

Su ma Turawa daga inda muke suka taso, har ma namu ya fi nasu tsabta. Mu fataka muke sawa, wasu kuma kashin kaji ko na tattabara. Su kuwa kashin kare suke tsoma fatunsu a ciki. A birnin Landan a ƙarni na 19 akwai talakawan da abincinsu ke nan, bin titi da bokiti suna tsinta suna kai wa majema. Ana nan sai wani Bajamushe mai suna Otto Röhm, wanda ya karanci haɗa magunguna da ilimin sinadarai, ya yi wa kansa tambayar da na yi wa Kawu. Bambancin kawai, shi yana da ɗakin gwaji da zai bi sawun amsar. Ya gano cewa ruwan da ke fitowa daga wani ɗan sashe na kayan ciki da ke kusa da hanji, wanda likitoci ke kira fankiriyas, yana yin wannan aikin, ga shi kuma ana zubar da shi a mayanka kullum. A 1907 shi da abokinsa Otto Haas suka kafa kamfani a garin Esslingen, suka fara sayar da wani haɗi mai suna Oropon. Majemi ya auna ya zuba, yau da gobe aiki iri ɗaya, babu ƙazanta. Daga wannan kwatarniyar ta majema aka samu ɗaya daga cikin manyan tushen masana'antar inzayim ta duniya.

Abin da ke tsaya mini a rai ke nan. Ba hikima suka fi mu ba. Fatar jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi ke kiwon irinta, ita ce ayari ke ɗauka ya ratsa hamada zuwa bakin Bahar Rum, Turawa su saya su ce fatar Maroko ce, su yi wa manyan littattafansu bango da ita. Ruwan fataka da bagaruwa da karan dafi ne suka yi wannan suna. Ita fatakar ma ba ɓoyayya ba ce, wani likitan Turawan mulki mai suna Dalziel ya sa ta a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. Abin da ya faru can bai faru nan ba shi ne mai karatu ya cire girman kai ya tsuguna a bakin kwatarniya, ya jure wari, ya ɗauki majemi a matsayin wanda ya san wani abu.

Kuma wannan ba baƙon hali ba ne gare mu, mantawa muka yi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a nan a 1837, kabarinsa kuma yana nan muna ziyarta, malami ne da bai raina aikin hannu ba. A cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Usulus Siyasa, ya sa kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa cikin nauyin da ke kan shugaba. Shi da kansa ya yi rubutu kan magani, kan basir da ciwon ido da amfanin filasko. Mai alƙalami ne da ke tambayar abin da ke cikin ganye. Da Bature Barth ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya leƙa kasuwar Sakkwato, kayan dukawa na cikin abin da ya yaba. Shekaru ɗari da 'yan kai bayan haka, ɗan Rabah, Sardauna Ahmadu Bello, yana Firimiya, a 1964 aka fara aikin horar da ma'aikatan fatu da ƙiraga a Zariya, wanda ya girma ya zama cibiyar binciken fata da ke Samaru a yau. Mu da muka ga malamin fata yana zagaya mahauta, yana koya musu fiɗa ba tare da huda ba da shanya a rataye cikin inuwa, mun ga ƙarshen wannan zumunci na ilimi da sana'a.

Daga nan sai hanya ta rabu biyu. Ɗan boko ya tafi da takardarsa, majemi ya zauna da kwatarniyarsa. Roba ta zo ta kori salka da wasaki, leda da buhu suka kori burgami da taiki, gafaka ta koma sai gidan tsofaffin malamai. Fatunmu mafi kyau suna tafiya Kano, a Challawa da Sharaɗa a jeme su rabi da sinadaran waje, a tura Italiya da Sifen, su dawo mana takalma da jakunkuna da sunan wasu.

Su kuwa can ba su tsaya inda Röhm ya tsaya ba. Da farko nemo inzayim ake yi a jikin halitta a yi amfani da shi yadda aka same shi. Yanzu gyara shi ake yi. Wata malama a jami'ar Caltech ta Amurka, Frances Arnold, ita ta buɗe wannan ƙofa a 1993, kuma duk manomin da ya taɓa ware zangarniyar iri zai gane dabararta. Ta ɗauki ƙwayar gadon da ke ƙera wani inzayim, ta kwafe ta da yawa tana barin 'yan kurakurai su shiga da gangan, ta samu iri daban-daban, ta gwada su, ta zaɓi wanda ya fi, ta mayar da shi iri, ta sake. Bayan 'yan zagaye ta samu inzayim mai aiki a cikin wani ruwan sinadari da na asali ba ya iya jurewa, ya ninka shi ƙarfi sama da sau 200. An ba ta kyautar Nobel a 2018. Abin da ya sa na yi shiru da na ji labarin shi ne asalin inzayim ɗin da ta fara da shi. Daga ƙwayar halittar da ake kira Bacillus subtilis yake, ita ce kuwa babbar ma'aikaciyar da ke nunar da daddawa a ɗakin kakanninmu.

Yadda irin wannan bincike ke fita daga jami'a ya shiga kasuwa ma ba baƙo ba ne ga ɗan sana'a. Yaye ne. Yaro ya gama koyo a gaban ubangidansa, a ba shi kayan aiki da ɗan jari da albarka, ya buɗe tasa rumfar, amma zumunci bai yanke ba. In aiki ya gagare shi ya koma ya tambaya, in ya samu ya kai gaisuwa. Haka jami'o'insu ke yi. Malami da ɗalibansa su gano abu, jami'a ta yi masa rajistar mallaka, a kafa ƙaramin kamfani a ba shi izinin amfani da shi, jami'a ta riƙe kasonta. A Amurka dokar da ta ba jami'o'i wannan dama ta 1980 ce. Su ma manyan kamfanoni sukan yaye ƙanana. Codexis, wanda aka yaye daga Maxygen a 2002, sana'arsa ke nan, a kawo masa matsala ya ƙera inzayim daidai da ita. Shi ya haɗa hannu da kamfanin Merck suka gyara wani inzayim da ya maye gurbin wani ƙarfe mai tsada wajen haɗa maganin ciwon sukari mai suna sitagliptin, suka bayyana aikin a 2010. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun riƙe wannan fiye da mu da muka ƙirƙiri maganar.

Mu kuma masu saye ne, ko mun sani ko ba mu sani ba. Inzayim yana cikin omon da ke cire tabon miya a riga, yana cikin burodin safe, yana cikin abincin kajin gidan gona. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masu yin lemun malt suka juyo kan dawarmu, amma inzayim ɗin da ke taimaka wa dawar ta saki zaƙinta daga waje ake sayo shi, yawanci daga kamfanoni irin na ƙasar Danmak. Dawa tamu, dabara tasu.

Ba na cewa ruwan fataka zai kori na Danmak daga kasuwa gobe da safe. Amma duniya yau neman hanyar cire gashin fata take yi ba tare da sinadaran da ke gurɓata ruwa ba, kuma mutanen da ke zaune a gefen kogin Challawa sun san abin da wannan ke nufi. Ana neman inzayim mai jure zafi, mu kuwa tsirranmu da ƙwayoyin halittar ƙasarmu a cikin zafin Afrilu suka tashi. Dusar shinkafar Wurno da ta Goronyo abinci ce da ake iya kiwon irin waɗannan ƙwayoyi a kanta. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan tun 1975, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Wurno ko Rabah ko Goronyo, kuma ɗalibanta suna rubuta kundaye kan tsirran gida. Abin da ya rage shi ne kundin ya sauko daga kanta ya zo bakin kwatarniya, a auna, a busar, a ƙulla a ƙunshi, a ba majemi ya gwada ya faɗi gaskiya, sannan a samu mai kuɗin da zai yi haƙurin shekaru. In kuma an samu wani abu, a rubuta sunan masu shi. Mutanen Kenya sun ga yadda aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga tafkunansu masu kanwa, aka fitar da inzayim ɗin da ake koɗar da wandon jins da shi, sai a 2004 hukumarsu ta kula da namun daji ta tashi neman haƙƙi. Irin wannan ne ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, don a riƙa raba amfani da masu ƙasa da masu sani.

Abin da ke damuna lokaci ne. Wannan ilimin ba a takarda yake ba, a yatsun tsofaffi yake. Rashin tsaron da ya addabi yankinmu ya tarwatsa ƙauyuka a ƙasar Rabah da ta Goronyo, dattawan da suka san wace fataka ta fi ƙarfi, ta tudu ko ta bakin fadama, ta rani ko ta damina, wasu suna zaman gudun hijira, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Kawu ma ya tafi, Allah ya jiƙansa, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki kartaji.

Bayan sallar layya da ta wuce na je gida da wata jikata da ke karatun sinadaran jikin halitta a jami'a. Na kai ta wurin wani tsohon majemi, sa'an Kawu a sana'a ko da yake ya fi shi ƙuruciya, wanda har yanzu yake jeme 'yan fatun layya da buzaye. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, so nake ka nuna mini yadda ake gane ta nuna." Ya dube ta, ya dube ni, kamar bai yarda da kunnensa ba. Sannan ya tura hannu cikin kwatarniya ya tsamo fata, ya danna yatsa, ya miƙa mata ya ce ta danna nata. Ta naɗe hannun hijabinta ta danna. Ya tattaro gefen ya kama iska ya matse, kumfa suka fito ƙanana-ƙanana. Ta ciro ɗan ma'aunin zafi daga jaka ta tsoma a ruwan, ta rubuta a littafinta, ta tambaye shi tun yaushe fatar ke ciki. Ya ce tun bayan la'asar ta jiya. Ya leƙa littafin, ya ce ta ƙara da cewa daren jiya an yi ɗan sanyi, shi ya sa bai tsame ta da asuba ba.